Rawanin Baba da Dutsen da Ya Zazzago

Tun ranar da na dawo Bagudo ban ƙara cin tuwo da zafinsa ba. Da na wanke hannu sai in ji sallama, wani ya zo jin labari. In na shiga kasuwa da kwandon kifina ba mai taya kifi, sai tambaya: "Bawa, wai gaskiya ne can ruwan sama fari yake zubowa kamar gari? Bawa, wannan hula mai tuntu fa, a cikin zafin nan? Ina rawaninka?" Mutanen Zagga sun aiko, na Sharabi sun zo da ƙafarsu, har wani daga Kamba ya kwana biyu a zaurena don ya ji da kunnensa. Maƙogwarona ya gaji. Tun da Allah ya sa na yi ajin yaƙi da jahilci, na ce bari in zuba shi a takarda, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in ci tuwona.

Na sani ana cewa Bawa yana ƙara gishiri. Ban musa ba. Amma akwai wuri guda a labarin nan da ban sa ko ƙwaya ba, in mun kai can za ku gane da kanku.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni ne ɗan fari, Hamidu ne auta. Yana ƙarami kawunmu na Segbana, can ƙasar Dahome, ya ɗauke shi riƙo. Mu ba mu ɗauki wurin a matsayin wata ƙasa ba, gidan kawu ne kawai. Sai da Faransawa suka zo ɗibar soja suka haɗa da shi, sannan muka san ashe akwai iyaka. Da aka sallame shi bai dawo ba. Wani abokinsa na bariki, Bafaranshe mai suna Piyer, ya ja shi ƙauyensu a kan duwatsu, wai ana gina madatsar ruwa ana neman ƙarti. Wasiƙa takan zo sau ɗaya a shekara, kowace da magana guda: baɗi in Allah ya so. Baɗi goma sha ɗaya muka ƙirga.

Kun dai san Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari. In za ta yi mini magana sai ta juya wajen bango, ko wajen matata Hajo. Ran nan na shiga gaishe ta, ta juya wa Hajo ta ce, "A hwaɗa wa mutumin nan idona na hagu ya tahi, na dama yana bin shi. In yana iya kawo min yaron nan in gan shi kahin ya rufe, to. In ba ya iyawa ya hwaɗi, in sani."

Ta buɗe adaka ta ciro rawanin Baba, baƙi mai shuni, kamu goma sha biyu, wanda ba a taɓa ba tun rasuwarsa. Ta miƙa wa Hajo. "A ce mishi ya naɗa, kada ya je ƙasar mutane da kai kamar ƙwarya."

Sanƙona take nufi. Na ce wa Hajo, "Tambaye ta, in ya ƙi zuwa fa?"

Inna ta ce wa bango, "A ɗauro shi."

Na sayar da bijimai biyu, na yi wata uku ina safa da marwa tsakanin Sakkwato da Kaduna a kan fasfo. An ɗauke ni hoto, an yi mini allura, an tambaye ni shekarar haihuwata na ce shekarar da fara ta ci gero, malamin ofis ya rubuta abin da ya ga dama. Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Ingila ba, kowane ofis da sabon hatimi, kowa yana ɗokin buga shi.

Na ƙetare kogin Kwara a Tuga, na bi ta Ka'oje na isa Tsamiya. A bakin iyaka an gitta gora, an kafa rumfa, a cikin rumfar kuma ga Sani, ƙanen Hajo, da sabon kaki da hula mai baki. Yaron da ni na koya masa cin kifi ba tare da ƙaya ta maƙale shi ba.

Ya ce, "Sunanka?"

Na ce, "Sani, ni ne hwa."

"Nan ba Sani, nan gwamnati ce. Sunanka?"

"Sunana wanda ya biya sadakin yayarka."

"Mi za ka yi ƙasar waje?"

"Zan nemo maka hankali, an ce can yana araha."

Bai yi ko murmushi ba. Ya buɗe fasfo, ya dubi hoto, ya dube ni, ya sake duban hoto, ya ce a hoto ba rawani, sai na kwance ya tabbatar. Na kwance a gaban jama'a, rana ta haska kaina har wani jaki ya kau da kai. Ya buga hatimi da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Sannan ya cire hularsa ya aje, ya durƙusa ya ce, "Yaya Bawa, ina kwana? Yaya Hajo da yara?" Ya zari bandar kifi biyu daga kayana, wai na gwamnati ne. A ɗaya gefen jandarma, wato ɗan sandan Dahome, ya yi mini tambaya da Faransanci, na amsa da Dandanci, sai ga shi ya saki baki shi ma, muka ƙare da gano cewa kakarsa da kakata sun taɓa faɗa a kan ƙwaryar nono.

Na kwana gidan kawu a Segbana, na hau babbar mota zuwa Kandi, daga can Paraku. A Paraku na fara ganin jirgin ƙasa na Faransa, ɗan siriri, yana tafiya yana tsayawa kamar tsoho mai gaishe-gaishe. Kowace tasha mata su taso da kafa a ganye da miyar manja, da wani burodi dogo mai tauri wanda in ka rasa sanda ya ishe ka korar kare.

A Kwatano jirgin ruwa ba ya zuwa baki. Yana can tsakiyar teku yana jira, sai ka bi wata doguwar gadar ƙarfe zuwa ƙarshenta, a zuba ku huɗu-huɗu cikin wani akwati, ƙugiya ta ɗaga ku sama ta lilo da ku, ta dire ku cikin kwalekwale. Shekara talatin ina zuba kifi a kwando, ran nan aka rama musu. Na riƙe rawani da hannu ɗaya, na riƙe wani Bayarabe da ɗayan, na karanta duk abin da na sani har da wanda na manta.

Ni ɗan bakin Kwara ne, na ɗauka ba ruwan da zai ba ni kunya. Kwana uku na farko abin da na ci tun ina goye sai da na mayar. Bayan mako biyu muka sauka Marsai, bakin tekun Faransa. Can na sauka gidan wani Bazabarme, Alfa Yakuba, mai saukar da baƙi irinmu. Ya dubi rigata ya yi dariya har da tari, ya ce, "Da wannan za ka hau dutse? Gawarka ma sai ta yi mura." Ya ba ni wani tsohon kwat na soja da takalma masu nauyin turmi, ya rubuta sunan ƙauyen a takarda ya manna mini a ƙirji da allura, ya sa ni a jirgin ƙasa. Haka na yi tafiya yini guda kamar buhun da aka aika, duk inda na sauka sai wani ya karanta ƙirjina ya nuna mini wata ƙofa.

Motar ƙarshe ta aje ni a wani ƙauye a gindin duwatsu. Ko'ina fari fat, sama fari, ƙasa fari, numfashina ma fari. Wani mutum mai furfura a gemu ya taho da sauri, ya durƙusa cikin ƙanƙarar nan har gwiwa, ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Sai da ya yi magana na gane Hamidu ne. Na ce, "Tashi, ɗan banza, ka sa na tsufa a hanya." Daga nan ban san wanda ya fara kuka ba, amma hawayen nawa kafin su kai gemu sun daskare, sai da na ɓalle su da farce.

Ƙauyen su Piyer yana sama, tafiyar awa uku. Alfadari ya ja mu a kan wani katako marar ƙafa, yana sulɓi. Gidan dutse ne, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shanu a ƙasa suke kwana, mutane a samansu. Na ce wa Hamidu, "Wanga wace irin ƙasa ce, an ba saniya ɗakin uwargida?" Ya ce ɗumin shanun ne ke hawa ya ɗumama mutane. Kwana ɗaya na yi na gane hikimar, da an bar ni ma da a tsakiyarsu zan shimfiɗa tabarma.

Piyer dogo ne marar magana, gaisuwarsa kalma ɗaya. Na tambaye shi gida, da iyali, da sanyi, da gajiya, da shanu, ya dubi Hamidu ya ce wai lafiya nake? Uwarsa kuwa, wata 'yar tsohuwa da na laƙaba wa Gwaggo, ta kamo kaina ta sumbace ni a kumatu biyu. Na ce, "Hamidu, kada Hajo ta ji wannan." Shekarun nan duka tukunyar Hamidu daban take, ba ta taɓa barin naman alade ya kusance ta ba, kuma da ta ga zan yi alwala sai ta ɗora ruwa a wuta. Abincinsu dankali da safe, dankali da rana, da dare romon dankali. Sai wani cuku mai wari wanda da a Bagudo ne da an kira masu haƙar kabari. Allah ya taimake ni na taho da yaji. Gwaggo ta ɗanɗana a bakin cokali, ta fita da gudu ta cusa baki cikin ƙanƙara. Duk da haka ba ta riƙe ni ba. Ta ga ina kwana da rawani saboda sanyi, ta zauna kwana biyu ta saƙa mini hular ulu mai tuntu. Ita ce wannan da kuke yi wa dariya.

Maganar komawa ba ta zo da sauƙi ba. Aikin madatsa ya daɗe da ƙarewa, Hamidu kiwon shanun Gwaggo yake yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, da wane ido zan koma? Tsarana duk sun yi gidaje, ni ban aje komi ba."

Na ce, "Ba don idonka anka aiko ni ba. Don na Inna ne, kuma saura guda."

Ya ɗago kai ya dube ni. Washegari ya fara ɗaure kaya.

Sai sama ta ɓalle. Kwana huɗu dusar ƙanƙara tana zuba ba ƙara ba tsawa, shiru kamar ana tankaɗe. Ta rufe taga, ta rufe hanyar alfadari. A rana ta biyar gari ya waye tas, rana ta fito, na ce alhamdu lillahi. Amma sai na ga fuskar mutanen gidan ba ta saki ba. Can da azahar na ji wani ruri daga nesa kamar an buga igwa. Gwaggo ta aje saƙarta. Piyer ya kai ni bayan gida ya nuna mini wani gefen dutse, inda farin ya yage ya gangaro ya tara tsibi a ƙasa, itatuwa a ciki kamar tsinken sakace. Hamidu ya ce haka ƙanƙarar take yi, in sabuwa ta hau kan tsohuwa ba su kama juna ba, sai ta zazzago gaba ɗaya, kuma ta fi doki gudu. Ya nuna mini kurmin da ke saman ƙauyen, ya ce ba mai saran ko reshe a ciki, shi ke tare ta. Ya ce uban Piyer ma ita ta ɗauke shi, ba a gan shi ba sai da bazara.

Jirginmu zai tashi daga Marsai bayan kwana huɗu, in ya wuce kuma sai an yi makonni. Ni kuwa idon Inna nake gani ko'ina na juya. Piyer ya ce a ba ƙanƙarar kwana biyu ta zauna, sannan mu sauka da ƙafa ta wata 'yar hanya, mu tari motar da ke tashi daga ƙauyen ƙasa da la'asar. Wuri ɗaya ne mugu a hanyar, wani kwazazzabo da za a gitta.

Ana gobe tafiya, bayan cin abinci, Piyer da ba ya magana ya yi magana mai tsawo, yana bugun tebur, yana nuna ni. Na ce, "Mi ya ce?"

Hamidu ya ce, "Ya ce in Yaya ya ga dama, a yi sammako. Wai rana tana sassauta ƙanƙara."

Na ce, "Madalla. In ta sassauta ai tafiya ta fi daɗi."

Hamidu ya buɗe baki, ya sake rufewa. Kun san ƙane ba ya gyara wa wansa magana, balle wan da ya ƙetare teku dominsa.

Da asuba aka tashe ni. Na yi salla, na leƙa waje, sanyi ya mare ni har sai da haƙorana suka gaisa da juna. To ku gaya mini, a Bagudo wane mai hankali ne ke kama hanya da sanyi kafin rana ta hau? Ai sai a jingina da bango a sha hantsi, jiki ya saki, sannan a tashi. Na koma kusa da murhu na ce a jira hantsi. Piyer yana kai da kawowa, kaya a baya, yana faɗa. Na ce, "Mi ya ce?"

"Ya ce ko Yaya ya kusa shiryawa."

"Ce mishi gaggawa ba kyau."

Sai a jirgi Hamidu ya gaya mini ainihin abin da mutumin ya faɗa: in yayanka bai tashi yanzu ba zan saɓa shi kamar buhun dankali. Da ma ya saɓa ni.

Da rana ta leƙo kan dutse na miƙe na ce bismilla. Piyer ya fita ya damƙi ƙanƙara ya matse, ya dubi sama, ya daɗe yana tunani. In an bari sai gobe, jirgi ya wuce. Ya ce mu tafi, amma da sauri.

A bakin ƙofa ya ciro wasu jajayen igiyoyi guda biyu, dogaye. Al'adarsu ce, mai gitta irin wurin nan yakan ɗaura ɗaya a ƙugu ya bar ta tana jan ƙasa a bayansa, in ƙanƙara ta binne shi, igiyar ba ta da nauyi, wani sashenta kan saura a sama a bi shi a tono mutum. Biyu ke gare su, ta Piyer da ta Hamidu. Hamidu ya durƙusa ya ɗaura mini tasa.

Na ce, "Yau ni anka yi wa wutsiya? Kai hwa?"

"Ni na saba, Yaya."

Gwaggo ta tare ƙofa tana faɗa, wai ba mai fita ba igiya. Aka shiga neman wata a ɗakin shanu, lokaci yana tafiya. Ni kuwa abin ya zo mini da wasa. Na kwance rawanin Baba, na kafa hular Gwaggo, na zarga bakin rawanin a ƙugun Hamidu na ƙulle tam. Na ce, "Da ma Inna ta ce in ka ƙi zuwa a ɗauro ka. To ga shi na cika umarni." Kowa ya yi dariya, har Piyer da bai ji abin da na ce ba.

Muka ɗaura wasu faya-fayai a ƙafa don kada mu nutse, muka kama gangara. Tafiyar awa guda muka iso kwazazzabon. Faɗinsa bai wuce daga zaurena zuwa rijiyar unguwa ba, amma in ka ɗaga kai, fari ne a tsaye har sama, rana tana dukansa, ruwa yana ɗiga daga duwatsu. Piyer ya yi magana ƙasa-ƙasa, wannan karon Hamidu bai rage komi ba: ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa, ba surutu, kada na baya ya shiga sai na gaba ya fita, kuma kowa ya sa ƙafa inda Piyer ya sa.

Piyer ya wuce. Na shiga. Na kusa fita, saura taku kamar goma, faifan ƙafata ya karkace na zauna daɓas. Na yi yunƙuri na kasa, kwat ɗin soja ya danne ni. Hamidu yana can baya yana kallon wansa yana birgima a gaban baƙo. An ce kada ya shiga. Ya shiga.

Daga nan ba gishiri.

Piyer ya miƙo sandarsa na kama, ya fizge ni zuwa gindin wani dutse. Sai na ji wani sauti a ƙarƙashin ƙafa, ba mai ƙarfi ba, kamar an yar da buhun gero. Na waiga. Na ga farin ya tsage a sama da Hamidu, ya taho. Na ga ya ɗaga hannu. Ban ƙara ganinsa ba.

Rurin bai daɗe ba. Da ya tsaya, wurin ya yi shiru, ƙasa da mu ga tsibi ya cika kwazazzabon, manyan curi kamar an rushe gari. Ban san lokacin da na gangara ba. Ina kiran sunansa, Piyer ya rufe mini baki da hannu don ya saurara. Ba komi. Ya fara caka doguwar sandarsa nan da can. Ni kuwa ina tsaye ina tunanin abu guda: zan shiga ɗakin Inna, ta juya wa bango ta ce a tambayi mutumin nan ina yaron, in ce na tsaya shan hantsi.

Sai idona ya faɗa kan wani ɗan tabo shuɗi a jikin wani curi. Kun san rawani mai shuni, abin da ya taɓa sai ya bar masa alama. Na bi tabon, na ga wani a gabansa, sannan ga bakin ƙyalle bai fi tafin hannu ba yana leƙowa. Na yi ihu. Piyer ya zo da shebur ɗin da ke cikin kayansa, ya hana ni ja, ya ce a bi shi a hankali. Ƙanƙarar da na ɗauka gari ce ta koma kamar daɓe. Yana haƙa, ina yaƙushi da hannu har farcena biyu suka fita ban ji ba. Muka bi rawanin kamu bayan kamu, ina ƙirgawa, domin na san tsawonsa. A na tara muka kai ga ƙullin da na yi da hannuna. Piyer ya duba yadda jikin ya kwanta, ya koma wajen kai, ya buɗe fuskar, ya sa yatsa ya ƙwaƙule masa baki. Leɓunansa sun yi kalar rawanin. Piyer ya mare shi, ya hura masa iska, ya sake.

Hamidu ya yi tari.

Ya buɗe ido ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Yaya, ba ka ji ciwo ba?"

Na ce, "Rufe min baki, marar jin magana." Na zauna cikin ƙanƙara na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Baba.

Mutanen ƙauyen ƙasa sun ji rurin, muka haɗu da su a hanya da abin ɗaukar mutum. Likita ya ce hannu ya karye, haƙarƙari biyu sun tsage, sauran lafiya. Aka ɗaure shi, aka riƙe mana motar. Wajen sallama na je gaban Piyer. Na kama shi na sumbace shi a kumatu biyu irin nasu. Wannan ma kada Hajo ta ji.

Muka isa Marsai a guje, muka tarar jirgin ya sami matsala, ba zai tashi ba sai bayan kwana uku. Alfa Yakuba ya ce, "Da kun sani ai da kun bari sai washegari da asuba." Na ce masa in ya ƙara faɗin haka zan koma da kwat ɗinsa Bagudo.

A Tsamiya Sani ya gyara hula ya dubi Hamidu ya ce, "Sunanka?" Na ce, "Sani, wallahi yau in ka tsai da mu, gwamnati za ta kwana da kumburarren baki." Ya ɗaga gora.

Mun shiga gida da hantsi. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma. Hamidu ya durƙusa, ta kamo kansa ta juya shi wajen rana, ta matso da idonta na dama har hancinsu ya kusa haɗuwa. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Na gan ka. Ka yi hurhura, ɗan nema." Ta shafa hannun da ke ɗaure ta ce mi ya same shi. Na yi niyyar in ce faɗuwa ya yi, Hamidu ma ya fara cewa santsi ne. Na ce a'a. Na juya wa Hajo na faɗi komi, har da hantsin. Hamidu ya ciro rawanin daga jakarsa, ya koɗe, shebur ya yage shi wuri uku, ya aje a gabanta.

Inna ta ɗauka ta shinshina, ta ninke shi a hankali ta sa a ƙarƙashin cinyarta. Ta juya wa bango.

"A hwaɗa wa mutumin nan na ce a ɗauro shi, ya ɗauro shi. Allah ya yi mishi albarka."

Sai ta karkato da idon nan guda wajena, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tsaya a kan tuntun.

"Kuma a ce mishi ya bar hular. Ta hi ƙwaryar kyau."

To kun ji dalili. Wanda zafi ya dama, ya cire tasa.